Kututturen da ya tada daji a ƙasar Maraɗi

A watan Mayu na 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta tara masana da sarakuna a Maraɗi domin shawara a kan gurgusowar hamada. An yi alkawarin shuka itatuwa, an kuma shuka. Sai dai akasarin dashen bai kai labari ba: wanda ya tsira daga awaki, fari ya kashe shi.

Ashe maganin yana nan cikin gonaki. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM, ya lura cewa tsiron da manomi ke sassabewa kowace bazara tohon tsofaffin kututture ne na sabara da kalgo da sauransu, masu saiwa mai rai a ƙasa. Dabarar ba ta cin ko dala. Manomi ya zaɓi rassa masu ƙarfi, kada su wuce biyar, ya datse saura, ya riƙa yi musu aski. Saiwar da ta riga ta kai ga laima ba ta bukatar ban ruwa. Wannan shi ake kira sassaben zamani.

Da farko an yi wa masu yin sa dariya, don a lokacin gona mai tsabta ita ce wadda aka share ƙal. A yunwar 1984 aka riƙa ba da abinci ga wanda ya bar tsiro a gonarsa. Da rabon ya ƙare, mafi yawa suka koma sara. Waɗanda suka daure ne suka ga amfani: iska ta rage binne shuka, makamashi ya samu a kusa, mata suka huta da doguwar tafiya.

Akwai kuma batun doka. Muddin itace na hukuma ne, kuma ma'aikacin gandun daji na iya cin tarar mutum a kan bishiyar da ke gonarsa, babu mai raino. Da aka sassauta, aka yi sabuwar dokar daji a 2004, sannan dokar 2020 ta tabbatar wa manomi ikon itacen da ya raina, hannu ya sake. Binciken da aka yi da hotunan sama a tsakiyar shekarun 2000 ya ƙiyasta eka-eka har hekta miliyan 5 da suka farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200. A Matamai da Magarya da Mirya gawo ne ya cika gonaki, mai zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana.

Amma birni na ci fiye da yadda ƙauye ke rainowa. Ƙidayar 1988 ta sami ƴan Nijar miliyan 7, ta 2012 miliyan 17, kuma galibin tukwane da itace ake ɗora su. Dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara don ƙauyuka su sayar bisa ƙa'ida, duk da haka dajin Baban Rafi ya sha gatari da sabon noma. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara fitar da iskar gas a 2011, amma gidan ma'aikaci da yawa tukunyar gas ta shayi ce kawai, tuwo kuwa sai murhu. Fatake masu lodin itace zuwa Maraɗi sun fi kowa sanin yadda tafiyar ke ƙara nisa kowace shekara kafin mota ta cika.