Yadda Wanki Da Guga Ke Kashe Kayan Hawan Keke Kafin Lokacinsu

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana ƙarshen tallafin man fetur, lissafin zuwa aiki ya sauya wa ma'aikatan gwamnatin tarayya a Abuja. Wasu sun jingine motocinsu, wasu sun koma haɗa kuɗin mai da maƙwabta, kaɗan daga ciki kuma, musamman mazauna unguwannin da ba su da nisa da Sakatariyar Tarayya, sun waiwayi keke. Shawarar da marigayi Ojo Maduekwe ya riƙa bayarwa lokacin yana ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, mutane na yi masa dariya, yau tsadar rayuwa ta sa ana sake juya ta.

Wanda ya riƙi hawan keke da gaske, ko don zuwa ofis ko don motsa jiki a ƙarshen mako, ba ya daɗewa yake gane cewa shadda da yadin kaftani ba su dace da sirdi ba. Sai ya nemi riga mai kama jiki, da gajeren wando mai soso a tsakiya, da safar hannu, da hular kwano. Galibin waɗannan kaya daga ƙasashen waje ake shigo da su, don haka farashinsu ke bin dala, ko sababbi ne ko na gwanjo. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000 tun 2024, saye ne da ake so ya kai shekaru. Amma sau da yawa wata biyu ko uku kawai ake yi wandon ya saki, rigar ta kama warin da ba ya fita, mai kaya ya hau zagin ɗan kasuwa, alhali a robar wanki aka yi ɓarnar.

Abin da aka saƙa su da shi

Rigar hawan keke yawanci zaren foliyesta ce, wandon kuma nailan ne da aka gauraya da wani zare mai talewa da ake kira ilasten, wanda aka fi sani da sunan kasuwa na Lycra. Wani masanin kimiyya mai suna Joseph Shivers ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin DuPont na Amurka a 1958. Shi ke sa wando ya kama cinya ba tare da ya takura ta ba, ya kuma koma yadda yake bayan an cire. Manyan abokan gabarsa biyu ne: zafi da sinadarin bilic. Ruwan zafi, da dutsen guga, da na'urar busar da kaya, duk suna gasa zaren har ya daina komawa. Bilic irin su Hypo, da ake ji da shi wajen fito da hasken farar shadda, cinye shi yake yi. Idan ilasten ya mutu, babu telan da zai iya tayar da shi.

Saboda haka al'adar da ta yi wa manyan kaya rana, wato a tara su a miƙa wa mai wanki da guga, ita ce mafi hatsari ga waɗannan kaya. Mai wanki zai jiƙa su tare da sauran tufafi, ya dirje da buroshi, ya murɗe iya ƙarfinsa, ya shanya a tsakiyar rana, sannan ya bi su da dutsen gawayi. Bai yi ha'inci ba, abin da ya iya ya yi. Alhakin mai kaya ne ya ware su, ko ya yi wa wanda ke masa wanki a gida bayani dalla-dalla.

Dalilin warin

A 2014 masu bincike a Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam sun karɓi rigunan mutum 26 bayan sun gama atisaye mai tsanani a kan keken motsa jiki, suka ajiye su sama da kwana guda, sannan suka gwada. Rigunan foliyesta sun fi na auduga wari, kuma an gano cewa wasu ƙwayoyin cuta da ake kira Micrococcus sun fi samun wurin hayayyafa a kansu. Darasin a fili yake: jinkiri ne ke haifar da wari. Ma'aikacin da ya iso ofis ƙarfe takwas, ya cusa jiƙaƙƙiyar riga a leda ya ɗaure har zuwa tashi, ya ba ƙwayoyin nan ɗumi da lema na tsawon yini, a garin da zafinsa kan haura digiri 35 a watan Maris. Gara ya rataye ta inda iska za ta ratsa, ko ya ɗauraye ta da ruwa zalla kafin ya zauna aiki. Ga hadimin da zai shiga gaban maigida da fayil, ko ya zauna a ɗakin taro mai sanyaya iska da tagogi a rufe, wannan batu ne na mutunci.

Wandon ya fi rigar buƙatar kulawa. Soson da ke tsakiyarsa asalinsa fatar dabba ce, kafin a maye gurbinta da na roba. An yi shi ne ya taɓa fata kai tsaye, ba tare da kamfai ba, domin ɗinkin kamfai kan goge matsematsi. Tunda haka ne, sawa ɗaya wanki ɗaya. Maimaita wandon da ya sha gumi na jawo ƙuraje da marurai a wurin zama, irin waɗanda kan hana mutum hawa keke na makonni, wani lokaci har su kai shi asibiti. Mai hawa kullum yana buƙatar wando biyu, ɗaya a jiki ɗaya a igiya.

Yadda ake wankewa

Wankin hannu ya wadatar, kuma bai fi minti goma ba. A juya kayan ciki ya koma waje, domin can gumi da maiƙon jiki suke. A zuba ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi da bai wuce digiri 30 ba, a narkar da sabulu kaɗan, na ruwa ya fi, a cuɗa a hankali, a matsa soson da tafin hannu har ruwan ya fito garau. Yawan omo ba ya ƙara tsafta. Saura yake bari a cikin zaren, sauran nan kuma ya riƙe datti ya sa ƙaiƙayi. A guji ruwan tausasa kaya mai ƙamshi, domin yana shafe zaren da wani maiƙo da ke toshe hanyar fitar gumi. Idan wari ya riga ya kama, a jiƙa kayan na rabin awa a ruwan da aka ɗiga wa farin ruwan khal kafin wanki.

Mai injin wanki ya rufe zif, ya manne maɗaurin safar hannu mai ƙaya-ƙaya don kada ya tsefe riga, ya sa kayan a jakar raga, ya zaɓi juyi mafi sauƙi. Kada a haɗa su da jins ko tawul. Baƙin man kaca idan ya taɓa yadi, ɗigon sabulun wanke kwanuka kan ɗauke shi in an shafa da wuri. Ƙaramin ƙyallen da ke liƙe a cikin riga ma jagora ne: hoton roba da lamba 30 shi ne iyakar zafin ruwa, alama mai kusurwa uku da aka soke na nufin ban da bilic, dutsen guga da aka soke kuwa ba ya buƙatar fassara.

Bayan ɗauraya, a matse ba tare da murɗewa ba, ko a naɗe a tawul a danna. A shanya a inuwa, soson na fuskantar iska. Da damina a tabbata ya bushe har ciki kafin a ninke, in ba haka ba zai yi fumfuna. Da hunturu kuwa, shanya a ɗaki ta fi, don kada jar ƙurar Abuja ta koma inda aka fitar da ita.

Abin da ya shafi rai

Yawancin rigunan na ɗauke da layuka masu ƙyalli da ke mayar da hasken fitilar mota. Guga da dirza na fasa su, su ɓare. Ga mai fita da asuba ko komawa gida bayan magariba a manyan titunan birnin, inda motoci ke gudu kamar za su tashi, layukan nan na iya zama abin da zai sa direba ya hango shi da wuri.

Hular kwano ita ma tana da nata haƙƙin. A cire ƙananan sosunan cikinta a wanke da hannu, a goge maɗaurin da ruwan sabulu. Kada fetur ko kananzir ya kusance ta, domin suna narkar da kumfar da ke shanye bugu, kuma kada a bar ta a cikin motar da ke tsaye a rana. Duk hular da ta taɓa buguwa da ƙasa a hatsari ta gama aikinta, ko da ido bai ga tsaga ba. Ita kaɗai ce a cikin kayan da bai kamata a saya a gwanjo ba, tunda mai sayarwa ba zai iya faɗin faɗuwa nawa ta sha a hannun mai ita na farko ba.