Lambar da Na So In Goge a Ɗakin Gwaji

A makon farko da na fara darasin awon sinadarai a jami'armu da ke Dubai, daga bakin ƙofa aka mayar da ni saboda na sa silifa. Dokar ba sassauci: rufaffen takalmi, farar rigar gwaji, tabarau na kare ido, mai hijabi kuma ta cusa gefensa cikin riga.

Amma babban darasin sai a mako na huɗu na same shi. An ba mu ruwa mu auna yawan gishirin da ke cikinsa, kowa ya maimaita sau uku. Na samu mililita 24.10, sannan 24.15, na uku kuma 24.90. Ana son tazarar kada ta wuce 0.10. Zuciyata ta raya mini in gyara lambar, wa zai sani?

Malamarmu ta hango ni ina jujjuya biro. Ta ce, "Bar ta yadda take, ka nemo dalili." Da muka duba, ashe kumfar iska ce ta maƙale a bakin bututun awon. Na rubuta dalilin, na sake gwajin.

Tun daga ranar nake rubutu da biro, kuskure kuma layi ɗaya nake ja masa, ba na gogewa. Yawancin ruwan da muke sha a Dubai daga teku ake tace shi, a Jebel Ali. Lafiyarmu na rataye da gaskiyar mai awon. Ɗan'uwa ɗalibi, abin da idonka ya gani shi za ka rubuta.