Kiwon Murjani Cikin Akwatin Gilashi

A shekarar 1961 wani mutumin Jakarta, Lee Chin Eng, ya bayyana yadda yake kiwon kifin teku ba tare da injin tace ruwa ba. Duwatsun teku ya jera cikin akwatin gilashi, ƙwayoyin halittar da ke jikinsu suka riƙa cinye ƙazantar kifin.

Mai sha'awar gwadawa sai ya narka gishirin teku giram 35 a kowace lita, zafin ruwan ya tsaya wajen digiri 25. Ya jira mako 4 zuwa 6 ƙwayoyin su yawaita kafin ya saka kifi, in ba haka ba gubar kashinsu ta hallaka su. Murjani kuwa sai da haske. In ruwa ya ragu a cika da marar gishiri, domin gishiri ba ya bin tururi.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse.