Ƙodar da Ronald ya ba ɗan'uwansa

A ƙarshen shekarar 1954, a asibitin Peter Bent Brigham da ke birnin Boston na Amurka, wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Richard Herrick yana kwance rai a hannun Allah. Ƙodojinsa biyu sun gaza, dattin jini ya taru masa har ya fara taɓa hankalinsa. Dashen ƙoda kuwa an sha gwada shi kafin nan, amma kullum garkuwar jikin mara lafiya takan ɗauki sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa, ta yaƙe ta har ta mutu.

Sai dai Richard ɗan tagwaye ne, kuma ɗan'uwansa Ronald lafiyarsa ƙalau. Likita Joseph Murray da abokan aikinsa suka ga cewa in har tagwayen daga ƙwai ɗaya suka fito, jikin wannan ba zai ƙi naman wancan ba. Kamar fuska ba ta ishe su hujja ba. Har ofishin 'yan sanda aka je aka ɗauki zanen yatsunsu, daga can ne ma labarin ya faɗa kunnen 'yan jarida. Aka kuma yanko 'yar fatar Ronald aka ɗinke a jikin Richard, aka zuba ido. Fata ta kama, ta zauna daram.

A nan ne nauyin al'amarin yake, kuma shi ne yake taɓa mini zuciya duk sanda na tuna labarin. Likita ya saba sa wuƙa a jikin mai ciwo don ya warke. Wannan karon lafiyayye za a kwantar, a tsaga shi, a cire masa abin da babu mai iya mayar masa. Likitocin sun nemi shawarar malaman addini kafin su yarda. Shi kansa Richard, a daren jajibirin aikin, ya aika wa Ronald 'yar takarda yana ce masa ya tashi ya tafi gida. Ronald ya mayar da amsa cewa yana nan, ba inda za shi.

Ranar 23 ga Disamba, likita Hartwell Harrison ya ciro ƙodar Ronald, aka shigar da ita ɗakin da ke kusa, Murray ya ɗinke jijiyoyinta a cikin Richard. Da aka saki jini, ƙodar ta yi ja, fitsari ya fara zuba tun suna kan teburin tiyata.

Richard ya miƙe. Ya auri ma'aikaciyar jinyar da ta kula da shi, suka haifi 'ya'ya mata biyu, ya rasu a 1963. Murray ya samu kyautar Nobel a 1990. Ronald kuwa ya zama malamin lissafi, ya yi shekara 56 da ƙoda ɗaya, ya rasu a jihar Maine a Disambar 2010 yana da shekara 79.