Farfaɗo da Matacciyar Zuciya: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Unguwar Shahuci tana tsakiyar birnin Kano, ba ta da nisa da Gidan Rumfa da Kasuwar Rimi. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka buɗe makarantar shari'a a wannan unguwa domin horar da alƙalai da muftai da malaman kotu. Ƙa'ida ta farko ga aikin alƙali kuwa ita ce kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin wanda a ke ƙara. Wannan takarda tana magana ne a kan wata irin ƙara da ta kan zo gaban masu unguwa da Dagatai da Hakimai, wadda sau da yawa a kan yanke hukuncinta tun ba a ji ta bakin mai ita ba.

Irin ƙarar da a ke nufi

A ɗauka misali wani dattijo a Shahuci ya je wurin mai unguwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ya gagare ni. Da shi ne ya ke fara buɗe shagon ɗinki tun da sassafe, yanzu kuwa wata uku ke nan bai taɓa keke ba. Ba ya fita, ba ya cin abincin kirki, in an yi masa magana sai ya juya baya. Na yi faɗa, na yi nasiha, na sa kawunsa ya yi masa faɗa, duk a banza." Da jin haka sai mutane su ce, "Ai zuciyarsa ce ta mutu," su sa shi cikin sahun malalata.

Gaskiya ne akwai lalaci a duniya. Amma mutumin da a ka sani da himma shekara da shekaru, sa'an nan rana tsaka himmar ta gushe, wannan ba halinsa ba ne, wani abu ne ya same shi. Wajibi ne a binciki abin kafin a kira shi malalaci.

Abubuwan da ke kashe zuciya

Na farko shi ne cutar jiki. Ƙarancin jini, da tarin fuka, da ciwon suga, duk su kan kawo kasala mai tsanani. Saboda haka matakin farko kullum shi ne likita ya duba jikin mutum.

Na biyu shi ne ciwon damuwa. Alamunsa su ne mutum ya yi mako biyu ko fiye yana cikin baƙin ciki kusan kullum, ko ya daina jin daɗin abin da da ya ke so, barcinsa da cin abincinsa su rikice, ya riƙa gajiya ba tare da ya yi aiki ba, ya kasa tsai da hankalinsa wuri ɗaya, ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani. Yana kama maza da mata, ya kan kuma kama mace bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 280 ne su ke fama da shi a shekarar 2019. Wannan ciwo ba sabon abu ba ne da Turawa su ka zo da shi. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashin ɗan'uwa ko asarar dukiya, da wanda ya kan faɗo wa mutum ba tare da dalilin da a ke gani ba, ya kuma nuna cewa zuciya tana bukatar magani kamar yadda jiki ya ke bukata.

Na uku shi ne shaye-shaye. Binciken da Gwamnatin Nijeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14 da dubu 300, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wata ƙwaya ko wani abu mai bugarwa, ban da giya da taba, cikin shekara ɗaya. A shekarar nan ce kuma Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi. Wanda ƙwaya ta kama ya kan yi niyyar bari da safe, ya koma da yamma, har ya fid da tsammani daga kansa.

Dalilin da ya sa faɗa da mari ba su warkarwa

Mai ciwon damuwa ya riga kowa zagin kansa. In an ƙara masa da wani zagi, sai ya ƙara tabbatar wa kansa cewa ba shi da amfani. Mai shaye-shaye kuwa, in an matsa masa da gardama, sai ya shiga kare kansa, yana kawo hujja bayan hujja, har hujjojin su zauna masa a zuciya.

Da ganin haka waɗansu iyaye su kan kai 'ya'yansu gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda su ka fito da mutane wajen 300 daga wani irin gidan a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. A watan Oktoba a ka sami irinsa a Daura. Iyayen da su ka kai 'ya'yansu ba mugunta su ka nufa ba, sun rasa inda za su sa kansu ne. Amma mari ƙafa ya ke riƙewa, ba ya shiga zuciya. Ranar da a ka kwance shi, mutum ya kan fito da ciwonsa na da, da wani sabo a kansa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a Janairu 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa masu irin wannan ciwo haƙƙinsu na a kula da su cikin mutunci.

Yadda a ke magani da zance

Akwai ma'aikatan lafiya da a ka horar musamman domin su yi magani ta hanyar zance: likitocin ƙwaƙwalwa, da masanan halayyar ɗan Adam, da ma'aikatan jinya, da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Bisa yawanci a kan zauna da mutum sau ɗaya a mako, kusan sa'a guda, har zama shida ko goma ko fiye, gwargwadon nauyin abin. Aikinsu ya bambanta da nasiha. Mai nasiha shi ne ya ke magana, a ke saurarensa. Mai wannan aiki kuwa saurare ya fi yi, yana tambaya. Hanyoyinsa manya guda huɗu ne.

1. Saurare ba tare da zargi ba. Wani masani Ba'amurke, Carl Rogers, ya bayyana wannan hanya a 1951. Mutum ba ya buɗe cikinsa ga wanda ya ke jira ya kama shi da laifi. Zuciyar mutum birninsa, sai ya buɗe ƙofa a ke shiga.

2. Fito da dalilin mutum daga bakinsa. William Miller ya tsara wannan a 1983, yana aiki da mashaya giya. Ya lura cewa kusan kowane mai shaye-shaye zuciyarsa biyu ce, ɗaya tana son bari, ɗaya tana ƙi. Maimakon a ce masa ya bari, sai a tambaye shi, "Samari, in abin nan ya ci gaba haka, ina ka ke ganin kanka nan da shekara biyar?" Ko kuma, "Wa ka ke jin kunyarsa fiye da kowa?" Sai ya ce, "Malam, mahaifiyata. Ba na son ta ƙara ganina a haka." To, wannan dalili nasa ne, ba aro ba ne, shi ya sa ya kan riƙe shi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

3. Binciken tunani. Wani likita, Aaron Beck, ya gano tun a shekarun 1960 cewa mai ciwon damuwa yana da waɗansu maganganu da ya ke maimaita wa kansa, kamar "ban taɓa yin abin kirki ba" ko "kowa ya gaji da ni." Sai a zauna da shi a bi maganar kamar yadda alƙali ya ke bin da'awa: ina shaida, ina kuma abin da ya saɓa mata? Sau da yawa sai ya ga da'awar ba ta da shaidu.

4. Fara aiki kaɗan-kaɗan. Mutane su kan zaci sai himma ta dawo sa'an nan a koma aiki, alhali kuwa sau da yawa aikin ne ya ke jawo himma. Telan da a ka kawo misalinsa ba za a ce ya koma ɗinki yini guda ba. A makon farko sai ya buɗe shago ya share, ya zauna rabin sa'a. A na biyu ya ɗinka aljihu ɗaya. Kowane mako a duba abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba. Sannu ba ta hana zuwa.

In ciwon ya yi nauyi likita ya kan haɗa da magani na sha. Ba a barin maganin ko canza shi sai da izninsa. Wannan aiki kuma bai hana addu'a ba, ba ya kuma neman kowa ya bar addininsa ko ladabin gidansu.

An gwada a ƙasashen Afirka

Kada a zaci wannan hanya ta mutanen birnin Turai ce kaɗai. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Ya shawarci sarakunan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, su ka yarda a saukar da marasa lafiya a gidajen jama'a, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana, suna kwana cikin mutane. Tsarin ya yi suna a duniya, Lambo kuma ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba don yardar sarakunan ƙauyukan ba, da tsarin bai tsaya ba.

A Harare ta ƙasar Zimbabuwe kuwa, Dokta Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata masu aikin lafiya a unguwanni, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, suna zama shida da kowane mai damuwa. Binciken da a ka buga a 2016 ya nuna bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda su ka zauna da dattawan ne su ke da sauran alamun ciwon, alhali cikin waɗanda ba su zauna ba kimanin kashi 50 ne.

Abin da a ke roƙon Hakimai da Malamansu

Ba a neman Hakimi ya zama likita. Amma ƙarar gabansa ta ke fara zuwa, maganarsa kuma tana da nauyi wurin iyaye. Saboda haka a na roƙon a kula da waɗannan:

Na ɗaya, a ji ta bakin mutumin shi kaɗai, ba a tsakiyar fada ba, ba kuma gaban wanda ya kawo ƙararsa ba. In mace ce, a sami wata dattijuwa amintacciya ta zauna da ita.

Na biyu, a yi tambaya uku: yaushe abin ya fara, me ya faru kafin ya fara, yaya barci da abinci?

Na uku, a tura shi asibiti tare da ɗan'uwansa. A Kano akwai Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, wanda mutumin Shahuci ya ke isa da ƙafa, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano mai sashen likitocin ƙwaƙwalwa, da asibitin Dawanau. Akwai kuma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri. A bayyana wa iyaye cewa zuwa can ba ya nufin ɗansu ya haukace.

Na huɗu, in mutum ya ambaci mutuwa ko ya ce ya gaji da duniya, kada a ɗauka barazana ce. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da sauran abin cutarwa daga ɗakinsa, a kai shi asibiti a ranar.

Na biyar, kada a ba da iznin ɗaure kowa ko kai shi gidan mari. In an ji labarin irin wannan gida a cikin gunduma, a sanar da hukuma.

Na shida ya shafi Malamai masu riƙe da takardu. Abin da a ka rubuta game da irin wannan ƙara amana ce. A ajiye shi inda ba kowa ke gani ba, kada kuma ya zama abin hira a bakin kasuwa. Magana ɗaya da ta fita tana iya hana saurayi aure, ko ta hana wani gida kawo nasu ɗan.

Na bakwai, a sa mai unguwa ya leƙa gidan bayan mako biyu, da bayan wata guda. In mutum ya koma gidan jiya, kada a ce aikin ya ɓaci. Da yawa daga cikin waɗanda su ka rabu da shaye-shaye sai da su ka yi tuntuɓe fiye da sau ɗaya. A mai da shi wurin mai duba shi, a ɗora daga inda a ka tsaya.

A ƙarshe, a samar masa abin yi. Hakimi ya san wane maigida ne zai karɓi yaro a shagonsa, wane ne kuma zai yi haƙuri da shi in ya makara a makon farko. Wannan taimako ba asibitin da zai iya bayarwa, sai wanda ya san mutanen ƙasarsa gida-gida.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba talakawansa lafiyar jiki da ta zuciya, amin.