Dami Uku Cikin Ashirin

A ƙauyukan Tebaram kowa ya san yadda ake ba baƙo aron gonar gandu. Gonar ta gida ce duka, amma maigida ne ke yin magana da baƙon. In kaka ta yi, baƙo ya ɗaure hatsi, ya kai rabon masu ƙasa bakin rumbun maigida. Ƙanen da gidansa ke jikin gonar, wanda amalanken baƙon ya ratsa masa danga, sai ya jira abin da za a miƙo masa.

Haka arzikin ƙarƙashin ƙasa yake a Nijar. Gwamnati ce maigida. Ita ta ba kamfanin CNPC na Sin man Agadem, wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke tacewa tun 2011, kuma tun 2024 bututu ke kai shi gaɓar teku a Benin. Kuɗin hayar fili da kason da kamfani ke biya a kan abin da ya haƙo duk baitulmalin Yamai suke shiga. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kashi 85 cikin 100 na kasafin ƙasa ne, kashi 15 na ƙananan hukumomin jihar da aka yi haƙar. Dokar man fetur ma ta bi wannan sawu. Wato cikin dami 20, uku ne na ƙane.

Uku ba abin rainawa ba ne, in dai ana bayarwa. Amma a gandu ƙane na tsaye sa'ad da ake ƙirga dammai, idonsa na kan kowane ɗauri. A nan kuwa rumbun na Yamai ne, ƙirgar tana cikin takarda da Faransanci, kuma magadan gari na Agadas da Diffa sun daɗe suna kukan bashin kasonsu da ba a biya ba. Wanda bai ga awo ba, yaya zai ce an tauye masa mudu?

To mu a Adar ina ruwanmu, tunda ba mu da rijiyar mai? Ai muna da gawayin Salkadamna, can wajen Takanamat, maƙwabtanmu. Shugaba Mahamadou Issoufou ya aza tubalin aikin a 2014, da alƙawarin tashar lantarki. Jira ya yi tsawo, amma ranar da aka fara haƙa gadan-gadan, makiyayar dabbobinmu da ruwan rijiyoyinmu ne za su fara ji a jika.

Shi ya sa nake ganin maganar ta yanzu ce, tun baƙo bai kafa garma ba. Hakimai, malamai da matasan Tahoua, ku nemi a riƙa karanta lissafin nan da Hausa da Buzanci a gidajen rediyo kowace shekara: nawa kamfani ya biya, nawa ne kason jiha, yaushe ya iso, kuma me aka gina da shi.