Bindigar Ƙirar Gida da Hukuncinta

Kowa ya san 'yan bindigar Sarkin Kano, masu buga albarushi a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe. To, amma akwai samarin da ke harhaɗa tasu a gida don sha'awa, da bututun famfo, waɗansu ma da matsattsiyar iska maimakon albarushi. Aikin duk ɗaya ne: iska ke cunkushewa cikin bututu, ta ingizo abin da aka ɗura. Bututun famfo kuwa ba a yi shi don wannan ba. In ya fashe, mai riƙe da shi ake fara ji wa rauni, a hannu ko a ido.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Na yaƙi haramtattu ne, sai da iznin Shugaban Ƙasa. Bindigar iska tana cikin kashi na biyu, lasinta yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Ta ɗuri, irin su adaka, lasinta na wurin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ƙerawa kuwa laifi ne, sai dai ta ɗuri, ita ma da iznin Sufeto Janar.

Saboda haka ana roƙon hakimai su tara masu unguwanni da maƙera, malamai su karanta musu wannan, domin su gargaɗi iyayen yara.